Ban Taɓa Kiran Sunansa Ba

Anti Zinatu, don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina.

Ɗana na fari yana gidan yari a Birmingham. Shekararsa ta biyu a jami'a aka kama shi yana yi wa wasu dakon ƙwaya, alƙali kuma bai sassauta ba. Ya so ya ci gaba da digiri daga ciki, aka ce ba a ba fursuna rancen karatu sai saura shekara shida ya fita, shi kuwa da sauransa. Na haɗa masa littattafai na aika, aka dawo mini da su, wai yanzu an hana. Suna nan a bayan ƙofa, kullum sai na yi tuntuɓe da su.

Mahaifinsa ya rasu. Ni kaɗai ce a flat a unguwar Levenshulme a Manchester, biki da suna duk na daina zuwa, don kar a tambaye ni. Ga shi ɗan fari, kin san kunya. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yabonsa a idonsa ba. In na je ziyara sai mu zauna kamar baƙi. Wancan zuwan ya ce ya haƙura da karatun, tunda ba wanda ya damu. Ni da na sha wanke-wanken asibiti don ya zama injiniya! Na dawo Manchester ina kuka a bas. Wallahi kaɗaici zai kashe ni.

Uwa daga Levenshulme

Yar'uwa, sannu, Allah ya yaye miki.

Ɗanki ya yi laifi, ƙwayar nan 'ya'yan wasu ta lalata. Amma hana shi karatu ba ya gyara kowa. Dokar dai ba ke za ki sauya ta ba. Ya tambayi sashen ilimi na gidan yarin, akwai ƙungiyoyin agaji da ke ɗaukar nauyin ƙananan kwasa-kwasai kafin lokacin rancen ya yi. Ke kuma ki samu mace ɗaya mai riƙon amana ki faɗa mata, ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani.

Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, ban raina ta ba. Sai dai a gida akwai kaka da gwaggo masu yabonsa a madadinki. A nan wa yake da shi? Yaron Manchester ne, shirunki a wurinsa fushi ne.

Na lura har kika gama wasiƙarki ba ki rubuta sunansa ba. A can da lamba suka san shi. In kin koma, ki dube shi ki ce kina son ya yi karatun, kuma ki kira shi da sunan da aka raɗa masa.

Allah ya fito miki da shi lafiya.

Anti Zinatu