Kwamfutar da Na Haɗa Don In Goge Yaya Kefas

Litinin, 9 ga Satumba, 2024

Yau na bi ta gaban shagon Baba. Buhunan masara har bakin ƙofa. Allon da Baba ya rubuta da hannunsa sun cire sun jingine da bango, akuya na goga jiki da shi. Yaya Kefas na zaune a benci yana auna wa wata mata masara. Ya ɗaga mini hannu. Wai ni ya ɗaga wa hannu!

Bari in rubuta, don kada wata rana zuciyata ta yi sanyi in manta. A watan Yuli na tafi Kontagora ɗaukar hoton biki. Na dawo na tarar da shagon hoton da Baba ya mutu ya bari, wanda ni nake riƙe da shi tun da ɓarin jikinsa ya shanye, wayam. Kwamfuta, firinta, fitilu, har labulen bango, Yaya ya kwashe ya sayar wa Ambrose mai shagon waya. Ambrose ya goge duk abin da ke cikin kwamfutar ya sayar wa wani baƙo. Hotunan Baba tun yana soja, da na zauna na kwafe kafin gara ta ƙarasa cinye na takarda. Hotunan aure biyu da ban miƙa wa masu su ba. Uwar amarya ɗaya a bakin coci ta tare ni, ta kira ni macuciya gaban mutane.

Shi kuwa abin da ya ce: “Dinah, ke mace ce, gobe wani zai ɗauke ki. Ni yara gare ni, gonar Kanya kuma ba ta shiguwa.” Na san ba ta shiguwa, kowa ya san masu bindiga sun hana noma can. Amma ya tambaye ni? Ya jira in dawo?

Kyamara ce kawai ta tsira, don tana wuyana.

Alhamis, 12 ga Satumba

Nkechi, matar Ambrose, ta zo har gida. Tare muka yi sakandare, kuma ita ce mai gyaran kwamfuta a shagonsu, shi mijin ciniki kawai ya iya. Ta ce ranar ba ta nan, da ba ta bari an goge ba. 

Sai ta ce, “Kar ki sayi ƙaramar kwamfuta ta hannu, zafi yana kashe su. Mu haɗa babba, mai ƙarfi, wadda ta fi ta Baba. Ni zan nuna miki, ke za ki ɗaura da hannunki.”

Na ce to. Na sayar da awakina duka, har mai cikin. Mama ta tsaya tana kallo ana jan su.

Lahadi, 22 ga Satumba

Bayan sujada dangi sun zauna kan maganar cikar Baba shekara ɗaya, a watan Nuwamba. Kawu ya ce a buga babban hoton iyali a tampol a rataya a tsakar gida, kuma ni zan yi. Yaya ya ce, “Ai Dinah gwana ce.” Ko kunya.

Hoton iyali ɗaya ne ya rage a duniya, wanda ke cikin wayata, na Kirsimetin ƙarshe da Baba ya yi. Baba, Mama, ni, ƙanwarmu Rachael, da shi.

Ina hanyar gida abin ya zo mini, sai da na tsaya na dafa bango don daɗi. Ya goge mini Baba. To, ni ma na iya gogewa.

Asabar, 5 ga Oktoba

Kaya sun iso daga Kaduna, direban mota ya kawo wa Nkechi. Kwalaye a ɗakina, na hana kowa shiga. Na buɗe na madabod, wato farantin da komai ke zama a kai, na yi ta kallo kamar taswirar gari. Ban taɓa ba. Nkechi ta ce in ba ta nan ko numfashi kar in yi a kai.

Talata, 8 ga Oktoba

Mun haɗa. Tun safe har rana ta yi sanyi, a kan tabarma, ƙofa a rufe saboda kaji.

Firosesa ɗan mitsitsi ne, bai kai akwatin ashana ba, wai shi ne ƙwaƙwalwar. Na ɗauko shi zan danna shi a gurbinsa. Nkechi ta ce, “Kar ki danna, ajiye kawai, shi ya san gidansa.” Aka ɗiga masa wani farin mai kamar man goge baki, aka ɗora fanka a kai. Sai ram, sanduna biyu masu riƙe aikin da ake cikin yi. Sai katin sarrafa hoto, wanda ya cinye mini akuya mai ciki, mai nauyi da fankokinsa. Wayoyi kuwa kamar hanjin kaza. Na yanke yatsa a gefen akwatin, jini ya ɗiga ciki, na ce a bar shi, ya zama shaida.

Muka jona, na danna. Fanka ta juya, allo baƙi ƙirin. Na sake. Baƙi.

Na zauna a ƙasa, hawaye suka zo. Ba don awaki ba. Fuskar Yaya na hango yana cewa ai dama ya faɗa.

Nkechi ta ce gobe. Ta tafi ta bar ni da gawar.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ashe ram ɗaya ne bai zauna ba! Tsoro ya sa ban danna shi sosai ba. Nkechi ta ce in sa ƙarfi har in ji ƙas. Na tuna wanda nake so in danne, na ji ƙas. Allo ya kawo haske.

Na yi guɗa har Mama ta leƙo. Ta ce, “Mi ya faru, an haihu?” Na ce an haihu, Mama.

Juma’a, 18 ga Oktoba

Gudu take kamar me. Abin da tsohuwar ke ɗaukar rabin yini tana nishi, wannan kafin in kurɓi shayi ta gama. An kawo mini aikin suna da na yaye ɗalibai, duk na yi. Kowa ya shigo sai in ce, “Shagon Baba ya koma na masara, ku tambayi Kefas.” Ina so maganar ta zaga Zuru kaf.

Nkechi ta ga hoton iyalin a allo, ta ga na zagaye Yaya da layi. Ta ce, “Dinah, me za ki yi?” Na ce gyara. Ta ce, “Ni ban haɗa miki kwamfuta don wannan ba.” Na ce ai ba ke kika haɗa ba, ni na ɗaura. Ta ɗauki jakarta.

Litinin, 28 ga Oktoba

Cire mutum daga hoto ba wuya, in yana tsaye shi kaɗai. Wannan ba shi kaɗai yake ba.

Ranar Baba ya ƙi zama a kujera, ya ce soja ba ya hoto a zaune. Yaya ne ya ɗaga shi ya tallafe shi ta baya. A waya ban taɓa lura ba, sai a babban allo: yatsun Baba sun damƙe rigar Yaya, har ta yamutse. Duk nauyinsa a kansa yake. Da na cire Yaya sai Baba ya karkace kamar zai faɗi.

Na tashi na sha ruwa. Na dawo.

Na miƙar da Baba. Na ɗauko hannunsa mai lafiya na juya shi na mai da shi ɗaya gefen. Inda Yaya yake na cike da bango da ganyen mangwaro. Na yi ta bi a hankali har inuwarsa a ƙasa na share. Yanzu Baba na tsaye da ƙafafunsa, mata uku kewaye da shi. Wanda bai sani ba zai rantse bai taɓa haihuwar namiji ba.

Na asalin kuma na goge shi, daga waya da kwamfutar duka. Ya ji yadda ake ji.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Tampol ya dawo daga wurin bugawa. Na naɗe na tura ƙarƙashin gado. Rachael ta ce in nuna mata, na ce sai ranar.

Asabar, 16 ga Nuwamba

An yi.

Da safe na miƙa wa Yaya naɗin da kaina, na ce ya rataya, shi ne dogo. Ya hau tsani ya ɗaure gefe ɗaya, ya ɗaure ɗayan, ya sake shi ya warware. Ya sauko ya ja baya don ya ga ko ya daidaita.

Ina tsaye ina kallon ƙeyarsa. Wannan lokacin nake jira tun Yuli, kuma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ya yi daɗi. Ya daɗe a tsaye. Sai ya juyo ya ce, “Kin iya aiki, Dinah. Ko ni ban gane inda na tsaya ba.” Ya ɗauki tsani ya mayar, ya shiga jera kujeru.

Shi ke nan? Na so ya yi ihu. Na so ya yage shi gaban Fasto, kowa ya tambayi dalili, in buɗe baki in faɗa.

Mutane suka cika gida. Waɗanda suka zo daga ƙauyen Manga suna ta yabo, wai dubi tsohon soja a tsaye gagau. Waɗanda suka sani suka riƙa kallon tampol, su kalli Yaya, su sunkuyar da kai. Theresa matarsa ta ajiye kular shinkafa, ta tattara yaranta ta fita, ko addu’a ba ta tsaya ba.

Mama aka kawo ƙarshe, an sa mata kujera a ƙarƙashin hoton. Ta ɗaga kai. Ta ce a matsar mata da kujerar can gindin mangwaro. Duk taron bayanta ta ba hoton.

Da aka watse ta kira ni ɗaki. In ranta ya ɓaci yarenmu na C’lela take yi, ba Hausa ba. Ta ce, “Wannan ba mijina ba ne. Mijina ranar nan ba ya iya tsayuwa, ɗana ne ya riƙe shi. Uku na haifa. Wa ya ba ki izinin rage mini ɗaya?”

Na ce, shi wa ya ba shi izinin sayar da shago? Ranar me kika ce masa? Ta ce, “Na faɗa masa abin da ya fi wannan zafi, ba a gabanki ba ne kawai.” Ta ce in kawo mata na gaskiyar ta ajiye. Na ce babu. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Ban je coci ba. Ban yi nadama ba. Ciwon kai ne.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Rachael ta ce Yaya ya tafi Kanya tun Litinin. Wai maƙwabcinsa na gona ya shuka masa dawa a wani ɓangare, ya je su yanke da sauri su fito. Theresa ta roƙe shi kar ya je, ya ce zaman Zuru ya ishe shi, kowa kallonsa yake.

To, ni na aike shi?

Asabar, 23 ga Nuwamba

An ce an ji harbi a hanyar Kanya jiya, an tare motoci. Wayarsa ba ta shiga. Mama ta ƙi cin abinci, tana zaune bakin ƙofa da Littafi Mai Tsarki a cinya, ba ta karantawa.

Theresa ta zo, idonta jawur. Ba faɗa ta zo yi ba, da ma faɗan ne. Ta ce ’yan sa-kai za su shiga nema, sun ce a kawo hotonsa, tata wayar ƙarama ce ba ta hoto. “Ke ce mai hoton gidan nan, ki ba ni ko ɗaya.”

Na kunna kwamfutar. Na buɗe ko’ina. Na san babu, amma na yi ta buɗewa tana tsaye a kaina. Fuskokin mutanen Zuru cike da allo, jariran wasu, ɗaliban wasu. A ƙarshe katin zaɓensa ta je ta ɗauko, hoton ya dushe kamar ba shi ba.

Na kira lambarsa. Don Mama na kira. Na kira na kira.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Ya dawo. Da ƙafa suka bi ta daji shi da wasu, suka ɓulla wani ƙauye, aka ɗauko su a babur. Ba dawa, ba takalmi, ƙafafu duk sun fashe. Mama ta riƙe kansa tana kuka kamar yaro.

Ni ina bakin ɗakina. Ya ce, “Dinah, sannu da gida.” Na ce yauwa. Ruwan zafin da aka gasa masa ƙafa ni na ɗora, amma dama zan dafa shayi.

Juma’a, 29 ga Nuwamba

Shagon Baba har yanzu masara ce a ciki, kuma bai ce mini yi haƙuri ba. Ban manta ba, ba kuma zan manta ba.

Nkechi ta aiko mini da wata fitilar ɗaukar hoto, wai in gwada, in ta yi mini in riƙe. Fitila ba a gwada ta a kan bango, sai da fuskar mutum. Na aika wa Theresa cewa gobe da yamma su zo ita da yaran, su sa kaya masu kyau. Na ce in ƙafar mai gidan ta yi sauƙi shi ma ya biyo su, ina bukatar dogon mutum don in ga iyakar hasken.

Ta aiko tana tambaya wace riga zai sa.

Na ce oho. Sai na sake aikawa na ce shuɗiyar, ta fi karɓarsa.