Rabon Ruwa a Wasan Ruƙayyatu

Litinin, 8 ga Janairu, 2024

Alkama ta yi kyau bana, alhamdu lillahi. Ruƙayyatu, autata, ta bugo waya daga Kano. Hutun da ta ɗauka a makarantar da take koyarwa zai ƙare a ƙarshen wata. Tana so ta ajiye aikin ɗungurungum, ta ci gaba da haɗa wasan kwamfutan nan ita da abokan karatunta, amma ta ce ba za ta ajiye ba sai na amince. Na ce zan duba. Mai digirin tarihi, a ce ta ƙare a wasa.

Alhamis, 11 ga Janairu

Ta yi mini bayani. Mutum zai riƙe gari a bakin kogi, a zamanin da ba a san bindiga ba: ya gina ganuwa, ya cika rumbuna, ya yi yaƙi ko sulhu. Abin da nake sa rai ba shi da yawa. Kada in ga masara ko tumatir a gonakin mutanen wancan zamani, gero da dawa suka sani. Kada kuma ruwa ya hau tudu. Aikin rabon ruwa na yi a kanal ɗin Kura, babbar magudanar noman rani, har na yi ritaya, ba zan lamunci wannan ba ko da a wasa ne.

Lahadi, 14 ga Janairu

Jaji, mai gonar ƙarshen kanal, ya tambaye ni ko da ƙwallo ake yin wasan Ruƙayyatu.

Asabar, 20 ga Janairu

Ta zo da wasan na gwaji, ta ɗora kwamfutar a kan teburina ba tare da ta kawar da jaridu ba. Babu masara. Ruwa yana bin gangara. Dawakin dai sun fi na zamaninsu girma, na kuwa faɗa mata.

Garina yana saman kogi, na abokan gaba yana ƙasa. Na haƙa magudanai, na shayar da gonakina, sannan na rufe ƙofar magudanata na saki ruwa ya wuce, kamar yadda aka saba.

"Baba, me ka yi? Abokan gaba kake shayarwa."

Na ce yau ranar shan ruwan na ƙasa ce.

"Babu ranar kowa a nan, Baba. Ka tare ruwan, su bushe."

Na ce ban taɓa tare ruwan na ƙasa ba, ba kuwa zan fara da tsufana ba. Jim kaɗan mayaƙansu suka iso a ƙoshe, suka ƙone mini gari ƙurmus. Ta yi dariya har da hawaye. Daga baya ta tambaye ni abin da ke faruwa idan na sama ya hana ruwa. Na ba ta labarin shekarar da na sama suka hana ruwa, Jaji ya taho da mutanensa riƙe da fartanya. Har la'asar muna magana. Rabon da mu yi doguwar hira haka tun rasuwar mahaifiyarta.

Alhamis, 25 ga Janairu

Ta bugo. Za su sake tsarin kogin: wanda ya tare ruwa ya jawo wa kansa yaƙi, wanda ya raba ya sami abokin kariya. Ta ce sai bayan damina zai kammala. Ya yi nisa. Ba wai ina ɗoki ba ne.

Laraba, 31 ga Janairu

Shugaban makarantarsu ya kira, yana tambaya ko gobe za ta koma. Na ce ya nemi wata malamar, ita tana da aiki a gabanta. Bakina ne ya riga ni, domin ban gama dubawa ba. Da na gaya mata, "Na gode, Baba" kawai ta iya faɗa.

Na kai tabarauna a sake mini gilashi, rubutun wasan ƙanana ne. Na kuma shaida wa Jaji cewa idan wasan ya fito, shi zai riƙe garin ƙasa.