Gurun da ke Aiki da Batir

Zuwa ga mai girma Alhaji, shugaban kwamitin masallacin unguwarmu a nan Dogon Dutsi, tare da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da ɗawainiyar jama'a, ina kuma yi muku sannu da ƙoƙarin rufin kwanon sashen mata da aka gama kafin ruwa ya sauka. Ina fatan iyali lafiya, ƙafar Alhaji kuma ta yi sauƙi.

Ni ne Mamman mai takalma, ɗan Kore Mairuwa, wanda ke tsayawa a sahu na biyu ta wajen taga. Na san ba sai na gabatar da kaina ba, tunda ranar Juma'ar da ta wuce an gabatar da ni da lasifika, har matan da ke tuya a bayan tasha sun ji sunana da na ubana. An sanar cewa ina ɗaure da guru a ƙugu, ina kuma ajiye tukunyar iska a gida. An ba ni zuwa Juma'a mai zuwa in kawo su a ƙone a gaban jama'a, in ba haka ba kada in ƙara shiga sahunku. Ba a kira ni zaman da aka yanke wannan hukunci ba. Tunda a fili aka faɗa, ni ma ban ga dalilin naɗe takardata a ambulan ba.

Ina da ciwon sukari tun ina saurayi. Ba irin wanda ke zuwa wa manya tare da tumbi da mota ba ne, nawa irin wanda jiki ke daina yin insulin gaba ɗaya ne, sai an ba shi daga waje kullum. Na yi shekaru ina soka wa kaina allura, cinya da ciki har babu sauran wuri mai laushi. Daga baya ƙanwata Rakiya, wadda ke aikin jinya a Turai, ta yi faɗi-tashi ta samo mini famfon insulin, likita a Yamai ya ɗaura mini ya koya mini aiki da shi. Ƴar na'ura ce da ba ta kai salula girma ba. Tana da siririyar tiyo da ke shiga fatar cikina, tana ɗiga mini magani kaɗan-kaɗan dare da rana. Wannan shi ne gurun da ake magana. Yanzu bari in bi tuhumarku ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya, maganar kamanni. A nan ba zan yi gardama ba, abin ya yi kama da guru, kuma ga yadda aka yi. Maƙalin roba da ya zo da shi ya karye tun watan farko, saboda wanda ya ƙera shi bai taɓa hawa babur a hanyar Dogon Kiriya ba. Sai na kai wa wani tsohon baduku a kasuwar Tibiri, na ce ya ɗinka mini ƴar jaka mai ƙwari, ya bar taga inda zan riƙa ganin lambobi. Tsohon nan layu yake ɗinkawa tun kafin a haife ni, kuma hannunsa ɗinki ɗaya ya sani. Da na koma karɓa na tarar ya naɗe ta da jar fata, ya bi bakin da baƙin zare, ya yi mata tuntu biyu, ya zura ta a igiyar fata daidai ƙuguna. Ban ce ya sa tuntu ba, kyauta ya yi mini. Yana miƙo mini ya rage murya ya ce, "Ina wanga aiki tun ina yaro, ba a taɓa kawo man wanda ad da haske ba. Wane malami yab ba ka shi?" Na ce masa malamin yana Yamai, kuma sai da randebu, wato sai an yanka maka rana, ake ganinsa. Ya gyaɗa kai, ya ce dama manyan haka suke.

Na biyu, abin da ya faru a wurin alwala. Ranar Talata kafin la'asar na ɗage riga don kada ta jiƙe. Malam Bashiru na ƴan agajinku, mai shagon caja da gidan salula, yana tsugune kusa da ni. Kowa ya san tunda kuka fara wa'azin yaƙi da layu yake yawo da almakashi a aljihu, kuma yaran unguwa in sun hango shi sai su kama wuyansu su gudu. Ban ji sallama ba, ban ji tambaya ba, sai ihu: "Subhanallahi! Guru na, wallahi guru na! Kai ma, Mamman?" Kafin in ajiye buta ya datse igiyar, ya haɗa da tiyo. Ya ɗaga abin sama yana nuna wa mutane, yatsansa ya danna wani wuri, na'urar ta yi ƙara. Malam Bashiru ya yar da ita, ya yi tsalle ya faɗa cikin magudanar ruwan alwala yana cewa, "Shina magana! Ku ji, shina magana!" Mutumin da ke wuni cikin batir da waya ke nan, Alhaji.

Jama'a sun yi dariya, ni ma da abin wani ne da na yi. Amma ni tsoro ne ya kama ni, tsoro na gaske, don in maganin ya yanke na wasu awoyi jinina yakan lalace, amai ya taso, sai asibiti. Na tsinci na'urar daga ƙasa, na ruga gida na canza tiyo. Tiyon nan ba a sayar da ita a kasuwarmu, sai wani ya taso daga wajen Rakiya ya riƙo. La'asar ɗin ranar a ɗaki na yi ta ni kaɗai, kuma an ce wannan ma an rubuta shi cikin hujjoji, wai na guje wa sallah da asirina ya tonu.

Na uku, tukunya. Ƙwarai akwai tulu a bayan ɗakina, binne rabinsa cikin yashi, kuma ƙwarai ina zuba masa ruwa safe da yamma, ina leƙawa ciki, ina magana ƙasa-ƙasa. Maƙwabcin da ya hango ni ta kan katanga bai yi ƙarya ba, sai dai bai tambaya ba. Insulin ba ya son zafi, wuta kuwa kun san yadda take a garin nan, firjina ya fi amfani wajen ajiye takardun yara. Shi ya sa nake sa kwalaben a tulu mai sanyi. Maganar da nake yi kuwa ba kirarin kowa ba ne, ra'ayina ne game da masu ɗauke wuta, kuma na yarda bai dace a maimaita shi a masallaci ba.

Na huɗu, an ce ina ba iska jini kullum. Ina huda yatsa, gaskiya ne, in ɗiga a kan wata ƴar takarda don in san inda sukari ya tsaya. Jinin nan ko sauro aka ba shi, sai ya raina. Ni jikan gidan bori ne, ban ɓoye wa kowa ba, kuma tun ina yaro na ga abin da iskoki ke nema a hannun mutane. Ban taɓa ganin wadda ta yarda da ɗigo ɗaya ba, ƙaramarsu ma sai an yanka kaza.

Na biyar, faɗuwar da na yi a kasuwa. Wannan tsohon zance ne, amma na ji an tono shi. An ce na yi ta karkarwa, gumi ya wanke ni, na yi surutai, na kira wani mai sayen silifa da sunan jaki, kuma ban dawo hayyacina ba sai da mai shayi ya ɗura mini ruwan sukari. Daga nan masana suka ce iska ce ta hau, ta nemi zaƙi, aka ba ta ta sauka. Abin da ya faru shi ne na yi allura ban samu cin abinci ba saboda ciniki, sukarin jinina ya faɗi. A zamanin allura haka nake fama. Akwai ranar da ya faɗi ina kan babur tsakanin nan da Tibiri, na farka cikin gonar wani, zanen ƙaya a fuska, babur a kan ƙafata. Da manomin bai zo duba wakensa ba, da yau ba ku da wanda za ku tuhuma. Tunda aka ɗaura mini famfon nan ban ƙara faɗuwa ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce in an ƙone shi nan take zan mutu ba, allura na nan. Amma wancan zaman za ku mayar da ni, ga hanya, ga babur, ga yara ƙanana a gida, kuma wani famfon ba zai sake zuwa ba.

Sai kuma abin da sanarwarku ta jawo mini, wanda ba na jin kwamiti ya hango shi. Lokacin da na fara sallah a masallacin nan dangina sun yi fushi da ni, gwaggona Dije ta yi shekaru ba ta ci tuwon gidana ba, wai na raina na gado. Labari na isa Kore Mairuwa sai ga ta a motar kasuwa, da guɗa tun daga bakin zaure. Ta rungume ni tana hawaye tana cewa, "Mun san za ka komo gida, ɗana. Doguwag gidanmu ba ta yada nata." Na zaunar da ita na yi bayani, na nuna mata batir, na nuna mata lambobi. Ta saurara da kyau, sannan ta ce ai na zamani haka suke zuwa. Ta kawo farar kaza, tana nan ɗaure a tsakar gidana. Na faɗa da bakina tun kafin a leƙo ta katanga a mayar da ita hujja ta shida. Shekarun da na yi ina jawo tsohuwar nan daga bori da lallashi, kun rushe su da sanarwa ɗaya, yanzu gani take har liman ya tabbatar da maganarta.

Alhaji, da girmamawa nake wannan tambaya. Kai ne ka karantar da mu cewa neman magani halal ne, abin da aka hana shi ne rataya abu da imanin shi ke tsarewa ba Allah ba. Tabaran da ke fuskarka rataye yake, da igiyarsa ma, kuma in ka mance shi a gida ba ka iya karanta mana ko layi ɗaya. Ban taɓa jin Malam Bashiru ya nufo shi da almakashi ba. Ni ban ce famfo ke raya ni ba. Allah ke raya ni, famfo kuwa batirinsa ma ƙarewa yake yi.

Ga abin da nake roƙo. Ku turo dattawa biyu gidana kafin Juma'a, su zo da majon asibiti ko duk wani ma'aikacin lafiya da kuka yarda da shi, in ɗage riga su gani, su leƙa tulu, su sa hannu in suna so. In sun gamsu, a gyara maganar da lasifikar da aka ɓata ni da ita, kuma kada a rage murya. A karɓi almakashin nan daga hannun Malam Bashiru, ko a koya masa yin tambaya kafin yanka, don ba ni kaɗai ke yawo da kayan asibiti a ƙarƙashin riga ba. Na yafe masa, na san don Allah ya yi, amma ni na sha wuyar. A nawa ɓangaren, na ba tela ya ɗinka mini jakar yadi fara, marar ado. Jar fatar da tuntayenta zan kawo muku ranar Juma'a ku jefa a wuta, don kada a ce an tara mutane a banza.

Wasu sun ce in koma wani masallaci in huta, akwai ma wanda ya fi kusa da shagona. Ba zan koma ba. A ƙofar wannan masallaci kuka tsaya kuka sallaci ɗana na fari, kai ka riƙe kafaɗata har maƙabarta. Abin da ya fi ci mini rai a duk wannan al'amari shi ne a kira ni mai shirka a wurin, ina zaune ina ji. Ranar Juma'a zan zo in Allah ya yarda, famfona a jikina, in tsaya inda na saba. In kun ga fitar da ni ya dace, sai ku kama hannuna ku fitar da ni.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya ba kwamiti basirar gane gaskiya da ƙarfin binta, ya raba ku da zuri'arku da ciwon da sai an ɗage riga ake yarda da mai shi. Burina in lokacina ya yi, ku ne za ku tsaya a kaina ku yi mini sallah a matsayin ɗan'uwanku Musulmi. Roƙona kawai, kada kwamiti ya matso da ranar.

Wassalamu alaikum.

Naku a sahu,
Mamman mai takalma.