Matakala Uku a Ƙofar Yayana

Hajiya Khadijatu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin watan nan ya ƙare, don ni dai kaina ya ƙulle. Ni magini ne a Isa, shekara ashirin da biyu ina riƙe da cokalin gini, kuma ban taɓa yin aikin da ya hana ni zama wuri ɗaya ba sai wanga. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagewa. In kin ga ina ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri, haka zuciyar take.

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya. Za ni kira shi Jibrilla, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Cutar shan inna ta kama shi yana ɗan shekara uku, ƙafafun suka shanye. Innarmu ta yi ta goyonsa har ya kai bakwai, daga nan ya ce ya isa, ba mai sake ɗaga shi. Ya sa silifa a hannu ya koyi tafiya da kansa, daga baya ya samu keken guragu. Bai taɓa miƙa hannu ya roƙi kowa ba. Gyaran rediyo da tocila yake yi a ƙauyenmu Kamarawa, da shi ya yi aure, da shi yake riƙon matarsa Saude da 'ya'yansu mata biyu. Ni kaina bayan rasuwar babanmu shi ya riƙe ni, shi ya kai ni wurin maginin da ya koya mini aiki. Mutum ne mai yawan barkwanci, amma in abu ya taɓa shi da gaske ba ya magana.

Kin san halin da muke ciki na fari. Damina uku ke nan gero yana tsayawa iya gwiwa ya bushe. Rijiyar unguwarsu Yaya sai an zura guga a jira, abin da za a jawo rabinsa laka. Saude kan fita ɗibar ruwa da hantsi ba ta dawowa sai azahar ta gota, ga ciwon baya. Mazan ƙauyen duk sun tafi cin rani, to rediyon wa za a gyara?

Ana haka sai wata ƙungiya ta 'yan asalin yankinmu da ke zaune a birane ta tashi gina wa masu lalura gidaje goma sha biyu a bakin garin Isa, ciki da falo, da rijiyar burtsatse a tsakiya, kusa da kasuwa. Aka kafa kwamiti, aka sa wani dattijo, Alhaji Malami, ya shugabance shi. Aka ba ni ginin. Sunan Yaya kuma ya fito a cikin waɗanda suka samu, ba da sa hannuna ba, Allah ya sani. Ranar na yi murna har na rasa inda za ni sa kaina. Na ce yau ga ranar da za ni rama wa Yaya ɗawainiyarsa.

A nan ne na yi abin. Zanen da aka ba ni matakala ɗaya ce a ƙofa, 'yar gajeriya. Ni kuwa na tuna shekarar da gulbi ya yi ambaliya muna yara, ruwa ya shiga ɗakin innarmu ya narkar da bango. Na ce ba za a yi haka da ginina ba. Na ɗaga gindin gidajen duka, na sa matakala biyu, kowace tsayin bulo guda. Gida na farko a jerin, wanda na san na Yaya ne, na ƙara masa ta uku. A wurinmu magina ƙofa mai tsayi girma ce, gidan mai gari ake yi wa haka. Na so duk wanda ya wuce ya san gidan babba ne. Ki duba wauta, Hajiya: ina kare gida daga ambaliya a shekarar da ko kwatami bai cika ba, kuma tsawon wata biyar ina aikin nan, ban taɓa cewa Yaya zo ka gani ba. So nake ya zo ya tarar an gama, ya yi mamaki.

Ya kuwa tarar. Ranar buɗewa an taru, manyan baƙi da mai hoto. Yaya ya sa farar rigarsa ta Sallah. Sunansa aka fara kira, aka ba shi makulli, ya murza kekensa har bakin ƙofa, ya tsaya. Ya dubi matakalar, ya sauko daga keken, ya fara neman inda zai dafa. Zai iya hawa, na san zai iya, sai dai a hankali, da jan ciki, a gaban jama'a. Baƙi kuwa suna sauri. Sai wasu majiya ƙarfi biyu suka kama shi ta hammata suka ɗaga shi cak, suka ajiye a bakin ƙofa kamar buhun gero. Aka tafa. Mai sanarwa ya ƙara da cewa wanda ya yi wannan gini mai kyau ƙanensa ne, aka sake tafawa. Yaya ya yi wa mai hoto murmushi. Ni kaɗai a wurin na san shekara arba'in ke nan rabon da wani ya ɗaga shi.

Kwana uku ya yi a gidan. Daga baya na shiga na duba da sabon ido, na ga sauran ɓarnar. Sakatar ƙofa tana daidai kafaɗata. Kan famfo yana daidai ƙuguna. Ƙofar bayan gida ƙunci gare ta, ga dokin ƙofa mai tsayi. Taga kuwa in kana zaune ƙasa sai dai ka ga sama. Duk da jikina na auna. Rana ta huɗu Saude ta same ni a wurin aiki, ta miƙo mini makullin a ƙulle cikin hankici, ta ce sun koma Kamarawa. Ta ce Yaya yana gaishe ni, ya ce gini ya yi kyau, bango ya miƙe sak, Allah ya yi albarka. Da zagina ya aiko da shi da na fi samun sauƙi.

Yanzu Alhaji Malami ya ce duk gidan da ba a shiga ba zuwa ƙarshen wata za a ba na gaba a jeri, kuma mutum kusan arba'in ke jira. Ban ga laifinsa ba. Shi a zatonsa Yaya kewar ƙauye ce ta kama shi. Ga wata kuma: ƙungiyar za ta gina irin waɗannan a Sabon Birni, an ce ni za a ba, kuma Alhaji da bakinsa ya ce a yi su kamar na Isa, ƙofofin nan masu tsayi sun burge baƙi. Ni ma gonata ba ta ba da ko dami biyar ba bana, aikin nan shi ne abincin gidana. In na buɗe baki na ce ni na canza zane da kaina, ban san ko za a sake kirana ba.

Sau uku ina hawa babur na nufi Kamarawa, ina kaiwa tsamiyar bakin gari sai in juyo. A wurin aiki in ɗauki bulo in ajiye, in manta abin da na aiki lebura ya ɗauko. Wani lokaci in ji kamar in tattara kayana in bi masu cin rani kowa ya huta. Abin da na fi tsayawa a kai shi ne in samu siminti buhu biyu, in je ba tare da kowa ya sani ba in zuba gangare a kan matakalar, in sauko da sakata da famfo, sannan in ɗauko Yaya in nuna masa. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ban san dalili ba. Ina tsoron ya rasa gidan saboda ni, ina kuma jin kunyar haɗa ido da shi. Yaya za ni yi?

Wani magini, daga Isa.

Wa alaikumus salam, Malam magini. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma zan fara da abin da ka ce ba ka san dalilinsa ba. Zuciyarka ba ta kwanta da shirin gangaren ɓoye ba ne don ta gane shi: shi ne dai kuskuren farko ya sake riga. Wata biyar ka yi kana gina wa yayanka gida ba ka tambaye shi ba, don ya yi mamaki. Yanzu kuma za ka gyara masa gidan ba ka tambaye shi ba, don ya sake yin mamaki. Bawan Allahn nan ya gaji da mamaki. Waɗancan mutum biyu sun ɗaga shi da hannu ba su nemi izininsa ba, kai kuma kana shirin ɗaga shi da siminti.

Ban ce kai mugu ba ne. Tsoron ambaliya ba wauta ba ce, fari ba ya dawwama, kuma ranar da gulbi ya cika za a gode wa wanda ya ɗaga gindin gini. Matakala ta uku ma ƙauna ce ta sa ka. Sai dai ka auna girman da za ka ba shi da ma'aunin masu tafiya a tsaye, shi kuwa girmansa yana wurin shiga da fita da kansa. Wannan shi ne abin da ya tsare shekara arba'in, kuma shi aka taɓa.

Gobe ka hau babur ɗin, ka wuce tsamiyar nan, ba ta riƙe kowa. Kada ka ɗauki tef ɗin awo ko makulli. Ka zauna a ƙasa kusa da shi, ka ce Yaya na yi kuskure, na ga abin da aka yi maka, ni na jawo. Kada ka cika shi da bayanin ambaliya, ya san labarin, a ɗakin yake ranar. In ka faɗa sai ka yi shiru ka saurara, ko da shirun ya yi tsawo. Bayan haka ka tambaye shi abu ɗaya: yana son gidan in an gyara? Yana iya cewa a'a, kuma hakkinsa ne. Amma a kira Saude a ji ta bakinta, don shirun yayanka, duk da kyawunsa, a bayanta yake sauka kullum a hanyar rijiya. Wannan kana iya faɗa masa cikin ladabi, ƙane ma yana faɗa wa wa gaskiya.

Daga can ka wuce wurin Alhaji Malami, kada ka bari wata ya zo ƙarshe. Ka faɗa masa abin da ya kori mai gida na farko, ka roƙi ƙarin sati biyu. Ba zan yi maka ƙarya ba, aikin Sabon Birni yana iya suɓuce maka, kuma na san abin da hakan ke nufi a shekara irin wannan. Amma ka auna ɗaya gefen: in ka yi shiru, da hannunka za ka sake gina wa wasu mutum goma sha biyu ƙofar da sai an ɗaga su, wannan karon kana sane. Kai da matakala uku suka hana zama, ina za ka sa kanka? Dattijon da ya tsaya tsayin daka aka gina gidajen nan ba don hoto kawai ya yi ba. Ka je masa da laifin da maganinsa tare. Ka ce kafin a haƙa ko rami ɗaya a Sabon Birni a zauna da waɗanda za su shiga, gurgu da makaho da wanda yatsunsa ba sa riƙe sakata, kowa ya faɗi nasa. Ka kuma tuna masa sauran gidaje sha ɗaya na Isa, don mazaunansu ma mai yiwuwa kunya ce ta rufe musu baki.

Game da gangaren, na tambayi masu sani, sun ce kowane inci ɗaya na tsayi yana son kusan ƙafa ɗaya ta tsawo. Yi lissafin bulo uku ka gani. Buhu biyun nan naka tudu za su yi wanda keke zai kife a kai. Sai dai gangaren ya bi jikin bango a hankali, a bar fuskarsa da kaushi, ba sumul ba. Sauran awo kuwa, na sakata da famfo da taga, kada ka yi ko ɗaya sai Jibrilla yana wurin. Shi ne injiniya, kai lebura. Mutumin da ke buɗe cikin rediyo ya gano inda waya ta tsinke ba zai rasa sanin inda ƙofarsa ta dace ba.

In Allah ya sa ya yarda, ranar komawa kada a kira kowa, ba baƙi ba mai hoto. Ka miƙa masa makullinsa tun daga bakin hanya. Zai yiwu keken ya tsaya a tsakiyar gangaren, ka ga yana nishi, jikinka duka ya ce ka tura. Ka haɗa hannuwanka biyu a baya ka riƙe su da kyau, har sai ka ji ƙarar sakata daga ciki.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba Saude lafiya, ya buɗa maka a sana'arka. Ya kuma saukar mana da ruwa mai albarka, har ka ga amfanin gindin ginin da ka ɗaga.

Hajiya Khadijatu