Yatsan Kawu Ya Sha Zinariya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan kowa lafiya, Inna ma ta warware har ta koma yi mana faɗa.

Na rubuto ne don ki ji labarin Kawu daga bakina kafin ya kira ki ya ƙara masa gishiri. Tunda ya ji muna aiki da zinariya a ɗakin gwaje-gwaje ya hana ni sakat, sai da na roƙi shugabarmu ta bari ya zo gani. Ya iso da babbar jaka, Allah kaɗai ya san niyyarsa. Na sa masa farar riga da tabarau da safar hannu, na ce masa tamu zinariyar sinadari ce mai cin fata, ƙarfe ma ba ta bari ba, shi ya sa da cokalin roba muke ɗiba. Da ya ga 'yar kwalbar, abin ciki kamar jiƙaƙƙen gishiri rawaya, sai ya ce lallai an cuce mu.

Ina juyawa in rufe kwalbar, ashe ya cire safa ya dangwali wani ɗigo da ya zuba a faranti, wai zai gwada ko ta gaske ce. Yaya, nan take na yi kansa! Na ja shi famfo na danna hannun a ruwa, yana ihu wai ina wanke masa arziki. Shugabarmu ta duba, ta ce ƙunar kaɗan ce, amma ta yi min wankin babban bargo, saura ƙiris in rasa aikina.

Washegari yatsan ya rine ya koma shunayya. Yanzu da shi yake nuna komai, ko hanya aka tambaye shi. Matarsa ta ce tun aurensu take jiran zinariya, da ta tashi zuwa sai ta sauka a yatsansa. Jiya ya zo ransa a ɓace, launin ya fara dusashewa, wai yaushe zai sake kawo mana ziyara. Na ce masa hotonsa na wajen maigadi, ko ƙofa ba zai wuce ba.

Ki gaishe da maigidan, da surukarki, da 'yan biyunmu. Inna na gaisuwa. Kawu ma ya ɗaga miki yatsa.

Ƙanwarki,
Auta