Kayan da Ba Su Ruɓewa

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025
Faruk ya zo, ya ci tuwo a tsaye kamar kullum. Jikana ne, ni na raine shi tun rasuwar ubansa, amma motar kifin nan ta fi ni iko da shi. Tun daga Legas yake jawo ta cike da katan-katan na kifin ƙanƙara, ya sauke a kasuwarmu ta Illela duk Lahadi biyu, mutanen Ƙonni su kwashi nasu. Injin sanyin ba a kashe shi. Yana loma, kunnensa na waje. Da ƙarar ta ɗan canza sai ya fita a guje, hannu duk miya.
Na ce, "Maigida, wace irin amarya ce ni, ango ba ya zama ko tabarma ta yi ɗumi? Ga ƙarni, mussoshin unguwa duk sun san ranar zuwanka."
Ya ce, "Tsohuwa, kihi ba shi jira."
Na ce to ya nemi kayan da ke jira mana. Masara, siminti, ko duwatsu ne. Ya kashe mota ya kwana gida kamar ɗan mutane. Shekara uku ke nan ina yi masa wannan waƙa. Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

Lahadi, 26 ga Janairu
Ya ji maganata! Ya bar motar firiji. Ya samu tirela wurin wani Alhaji a Kano, busasshen kaya kawai. Na yi guɗa har Lubabatu ɗiyata ta ce in tuna da maƙwabta. Na ce masa yanzu ka zama miji.
Wani kallo ya yi mini, kamar zai ce wani abu. Sai ya jawo kwanon tuwo.

Lahadi, 9 ga Fabrairu
Na sa an yanka zakara. Bai zo ba.

Talata, 11 ga Fabrairu
Ya kira wayar Lubabatu. Yana Gwambe da taki. Na ce to daga nan sai gida? Wai ba haka ake yi ba. Mai busasshen kaya ba shi da hanya tasa, in ya sauke sai ya zauna gareji ya jira lodi, inda lodi ya ce can za shi. Jiya Gwambe, gobe wataƙila Anaca.
Na ce, "To mi ya hana lodi shi ce Illela?"
Ya ce, "Kaka, albasarku tana da motocinta tun kafin a haife ni."
Ashe kifin da nake zagi shi ke kawo mini shi. Ba wanda ya gaya mini. Ko an gaya mini ina can ina zuba?

Lahadi, 23 ga Fabrairu
Motar kifin ta shigo da hantsi. Na ji ƙugin injin tun daga kwanar masallaci, ban san lokacin da na kai zaure ba, takalmi ɗaya. Wani ne ciki, Sahabi sunansa, mai furfura. Ya sauko ya durƙusa har ƙasa, ya ce Faruk ya ce a gaishe ni, ga kifi biyu.
Na ce ni haƙorana ba su son abin sanyi. Lubabatu ta karɓa ta bayana. Na ci da rana, ba daɗi. Kai ɗaya kawai na ci da rabin ɗayan.

Laraba, 5 ga Maris
Azumi biyar. Ƙafa ta kumbura. Likita ya ce in rage gishiri, na ce ya rage mini shekaru tukuna.
Saba'in da takwas, in lissafin malamar yaƙi da jahilci daidai ne. Ba na tsoron tafiya. Abin da nake tsoro a kira shi yana wani gareji na Fatakwal, kafin ya iso an watse.

Asabar, 15 ga Maris
Na ƙudura. In ya zo sallah zan ce ya koma motar kifi. Ni na ɓata, ni zan gyara. Sahabi ya ce mai motar har gobe yana tambayarsa.

Litinin, 31 ga Maris
Sun zo sallah a motar haya, shi da matarsa Mahbuba. Ya zauna. Wallahi ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya cinye ya nemi ƙari, bayan azahar ya yi barci har da minshari. Na zauna ina kore masa ƙuda. Wuyansa ya cika. Sai can na lura tun safe ban ji tari ba.
Mahbuba ta same ni a madafa tana ta godiya. Wai da can ba ya haɗa awa uku yana barci, ko ya kwanta sai ya zabura ya je duba sanyi. Ya shiga cikin ƙanƙara ya fito cikin ranar nan tamu, ƙirji ya riƙe. Sau biyu barci na fizgarsa a kan sitiyari wajen Kwantagora, sau ɗaya har tayar gaba ta sauka daga kwalta. Bai taɓa gaya mini ba.
"Ba don bakinki ba, Kaka, da bai bari ba. Ni na yi kuka na gaji."
Na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido. Wutar ma ba a hura ba.

Talata, 1 ga Afrilu
Da za su tafi ya tsuguna gabana, ya riƙe ƙafar nan mai kumburi yana dannawa.
"Tsohuwa, in kin ce in koma, gobe in koma. Faɗi gaskiya."
Na ce, "Kai wa ya ce ana nemanka? Na huta da ƙarni. Na ma yi sabon miji, Sahabi, ya fi ka ladabi, ga furfura irin tawa."
Ya ce zai kai ƙara wurin alƙali. Muka yi dariya. Na sa masa albarka da sauri-sauri, na ce su tafi rana na yi.
Ban raka su zaure ba. Ƙafa.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Yana Yola. Shinkafa.

Lahadi, 27 ga Afrilu
Lubabatu ta daɗe tana neman inda za ta shanya albasar da aka kawo daga gonar Amarawa, zafi na ɓata ta a rumfa. Yau na ce ta fid da gadon Faruk ta zuba a ɗakinsa. Ɗakin ya fi iska ne kawai. Katifar na sa an naɗe an kai nawa ɗakin, kada ɓera ya ci.