Zanen da Muka Lulluɓa Miki a Bangon Littafi

Zuwa ga mahaifiyata, Mma Azumi mai waina ta Zangon Lome.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwarta, gwiwa biyu a ƙasa, yadda kika koya mini. Ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji. Mu nan lafiya lau muke, sai dai ciwon gwiwar da na gada a wurinki, shi ma ya san gida bai da niyyar tafiya.

Mma, shekaranjiya ina kakkaɓe kabad na ci karo da littafinki, ɗaya tilo da ya rage mini. Iskar teku ta cinye gefensa, shuɗin bangon ya koɗe, amma kina nan a kai, kina yi mini wannan kallon naki na wadda aka katse wa ciniki. Na zauna a bakin gado na daɗe ina dubanki. Sai na ce bari in ba ki labarin yadda kika hau bangon nan, tunda a lokacin da abin ya faru ba labarin da ake bayarwa da ƙarfi ba ne. Yanzu kuwa duk mai son karantawa ya matso.

Kin dai san ban same ki ba. Ina gidan aure a Akara aka aiko cewa jikinki ya yi tsanani. Na iso Aflawo na tarar an rufe iyaka, kamar yadda ake yi a shekarun nan in manyan can da na nan sun ɓata. Ga Lome ina hangowa, ga soja a tsakani. Kafin in samu hanya an yi miki wanka, an yi miki sutura, an kai ki. An ma raba kayanki sadaka, ko ɗankwali ban tarar ba. Kowa ya ce mini haka Allah ya rubuta, na kuma yarda. Amma abin ya tsaya mini a ƙirji, a ce 'yarki mace guda ɗaya, wasu ne suka rufa miki zane na ƙarshe.

Da na dawo Lome da zama na samu aikin buga tafireta a wani kantin masu shigo da kaya. A nan na fara buga tatsuniyoyinki, waɗanda kike yi mana kina jujjuya waina a tanda tun muna tsohon Zango, kafin a tashe mu a watso mu can Agowe. Ina bugawa ina jin muryarki, har da inda kike tsayawa ki tsawata wa mai saye. Da suka taru na ce sai na mayar da su littafi da kaina, ba zan jira kowa ba.

Aka haɗa ni da wani mai maɗaba'a a bayan kasuwar Asigame, Fo Kosi, ɗan ƙabilar Ebe ne, gajere mai tabarau, yatsunsa kullum baƙi ƙirin da tawada. Hausarsa ta kasuwa ce, ta ishe mu. Ya duba takarduna ya ce cikin littafi ba matsala, amma me za a sa a bango? Ya ce launi ɗaya kaɗai injinsa ke iya yi da kyau, in zaɓa. Na ce shuɗi mai duhu. Ya ce hoto fa? Na ce fuskar uwata, ai littafinta ne.

To, a nan kika ba ni wahala, Mma. Ke da ko mai hoto kika hango a gidan suna sai ki shige bayan tukunya. Kin sha faɗa mana cewa fuskar da Allah ya ba ki ta ishe ki, ba kya bukatar ta biyu a takarda.

Na fara da mai zane. Wani ne da ke rubuta allon masu aski a bakin titi, na zauna na kwatanta masa ke tun daga goshi har haɓa. Bayan kwana biyu ya kawo mini wata mata mai dogon wuya da jan baki, gashi a tsaye, kamar mawaƙiyar da za ta hau dandamali. Ƙanena Danladi ya gani ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce wallahi in wannan ce Mma to shi tsinto shi aka yi.

Shi Danladin ne ya tuna mini da hoton da yake ɓoye. Kin san shi. Na ranar da aka tattara matan kasuwa aka ce kowa ta sa atamfar jam'iyya mai hoton shugaban ƙasa ta fito bakin hanya a yi rawa a tarbi mai ƙasa. Kin fita saboda babu mai cewa a'a a wancan zamani. Wani mai hoto ya ɗauke ki ba ki shirya ba, daga baya ya biyo Zango yana tallar hotunan, Danladi ya karɓe naki. Fuskarki ta fito sarai, har tsagar da ke kumatunki. Sai dai ga fuskar mai ƙasa a ƙirjinki, babba kamar faranti, goshinsa na taɓa haɓarki, ga kuma rabin wata fuskar tasa a kan ɗankwali.

Ban manta ranar da kika ga hoton ba. Kin juya shi kika kife a kan tabarma, kika ce, "Zuwaira, in kika bari jikokina suka san ni da fuskar wani namiji a ƙirji, ban yafe ba." Kina murmushi kika faɗa, amma na san ki. In kika yi murmushi irin wannan, maganar ta zauna.

Na kai wa Fo Kosi hoton. Yana gani fuskarsa ta washe. Ya ce wannan ai sa'a ce, littafin da ya fito da wannan bango babu ofishin da zai tsayar da shi, don a lokacin sai an kai littafi an duba kafin ya shiga kasuwa. Na ce masa ba haka nake so ba, fuskarki kaɗai nake so, a yanke sauran.

Mma, sai mutumin nan ya ajiye tabarau. Ya leƙa inda ma'aikatansa suke, ya turo ƙofa, ya rage murya. Ya nuna mini da ɗan yatsa cewa duk inda almakashi ya bi don ya fitar da ke, ta goshin mai ƙasa zai bi. Ya ce guntun da aka yanke kwandon shara zai faɗa, shi kuwa bai san wanda ke duba kwandon shararsa ba. Ya ce, "Dada, 'yar'uwata, yi haƙuri. Ina da 'ya'ya." Ban ji haushinsa ba, don na san mutanen da aka ɗauka a kan abin da bai kai wannan ba, wasunsu ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

Na koma gida da hoton a jaka. Ko dai in sa ki a bango yadda kika hana, ko in fitar da littafinki ba ke a kai. Sati ya zagayo ban je maɗaba'a ba. Har na fara gaya wa kaina cewa bango fari da suna kawai shi ma bango ne.

Abin da ya kai ni wurin Da Afi kewa ce kawai. Ƙawarki mai kifi, ita ma 'yar Ebe, wadda kuka yi shekaru kuna zama kafaɗa da kafaɗa a bakin tasha, ke da tandarki ita da kwandonta, kuna faɗa da safe kuna cin abinci kwano ɗaya da rana. Bayan an tashi Zango ta koma wurin 'yarta a unguwar Akodesewa. Na same ta a tsakar gida tana gyaran barkono, ta tsufa, amma bakin nan nata yana nan. Na nuna mata hoton don ta gan ki. Ta riƙe shi nesa da ido, ta yi tsaki, ta ce Azumi ba ta taɓa yin muni irin na ranar nan ba. Sai na ba ta labarin duka, ina yi ina kuka.

Ta miƙo mini hoton. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwati. Da ta fito, Mma, saƙinki ne a hannunta. Baƙin saƙin nan mai ɗigon fari da kakata ta zo da shi daga arewa, wanda kike ɗaurawa ranar Sallah. Na ɗauka ya tafi cikin kayan sadaka. Ashe ranar da za ku rabu kun yi musayar zane, ke kika ba ta shi, ita ta ba ki nata. Ba ta taɓa ɗaura shi ba. Ta ce lokaci-lokaci takan buɗe ta shinshina, wai har yanzu akwai ƙamshin man gyaɗa.

Ta ce ku 'yan boko komai sai almakashi. Wa ya ce a yanke wani? Matar nan kaya marasa kyau aka sa mata, sai a rufa mata nata.

Na koma na gaya wa Fo Kosi. Ya sosa ƙeya, sannan ya ce hoton ya yi ƙanƙanta, in aka ɗora zane a kai zaren zai fito kamar igiya, sai an faɗaɗa shi tukuna. Na ce mai faɗaɗawa fa, ba zai yi tambaya ba? A nan ne na fara ganin dariyarsa. Ya ce ƙara wa mai ƙasa girma ba laifi ba ne a ƙasar nan, har sannu ake yi wa mutum.

Ranar Lahadi muka haɗu, bayan ya taso daga coci, ma'aikata ba sa nan. Da Afi ta zo a tasi da kwalliyarta kamar mai zuwa biki. Fo Kosi ya shimfiɗa babban hoton a kan tebur, ya kai faɗin faifai biyu. Da Afi ta warware saƙin, ta auna da tafin hannu, ta sa almakashi a gefensa. Na ce Da, kada ki ɓata shi. Ta ce in yi mata shiru, ai mai zanen ce za ta ɗaura.

Na zaci ita za ta ɗora. Sai ta miƙo mini ƙyallen, ta ce, "Karɓi. Ranar da aka yi mata sutura ina wurin, ke ce ba kya nan. Rufa wa uwarki."

Mma, na karɓa. Na yi bismillah, na fara daga kanki, na rufe ɗankwalin, na zagayo da shi ta gefen kumatu yadda kike lulluɓi in za ki gaisuwar mutuwa, na sauko da shi kan kafaɗa, na rufe ƙirjin duka. Na gyara naɗin ƙarƙashin haɓarki sau nawa ban sani ba. Ba wanda ya ce in yi sauri. Fo Kosi ya cire hularsa ya tsaya a gefe, Da Afi tana wani ɗan waƙe-waƙe a hankali da harshensu. Abin da ya tokare mini ƙirji tun daga Aflawo, a kan teburin nan mai warin tawada ya sauka.

Da na gama, Fo Kosi ya ɗora gilashi a kai don kada ya motsa, ya ɗauki hotonsa. Ya duba ya sake dubawa, ya ce tsohuwa ta ji sanyi an lulluɓe ta, wa zai ce an yi laifi? Ya ɗage gilashin ya mayar mini da hoton lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Na ce masa akpe, akpe kaka, wato na gode ƙwarai, iyakar abin da na iya da harshensu ke nan, na kuma san bai isa ba.

Ranar da aka kai littafin ofis ban iya cin abinci ba. Mutumin da ke dubawa ya jujjuya shi, Hausa ba ya ji, sai ya tsaya a bango. Ya daɗe yana kallo har gumi ya karyo mini. Sannan ya tambaya ko mahaifiyata ce. Na ce ita ce. Ya ce ta yi kama da tasa, ya buga hatimi ya miƙo.

Littafin ya fito, sunanki a sama da manyan baƙaƙe, ke a tsakiya cikin shuɗi, ɗigon saƙin ya fito ɗaya-ɗaya. Ba mu buga da yawa ba. Masu goro sun tafi da wasu Kumasi, direbobi sun kai wasu Yamai, sauran suka ƙare a Zango. Matan da ba su iya karatun boko ba ma sun karɓa, suka jingina shi a kan jeren kwanoni don su riƙa ganinki. Na farko da ya fito daga inji Da Afi na kai wa. Ta sumbaci bangon, ta ce yanzu ne Azumi ta fito a Azuminta.

Jikokinki duk da wannan fuskar suka san ki, da 'ya'yansu ma. A cikinsu babu wanda ya taɓa ganin ɗayan hoton, Danladi ya riƙe amana har ya koma ga Allah. Shi kuwa mai ƙasa, wanda ƙasa duka ke rawa in ya yi tari, yana nan ƙarƙashin zanenki shekara da shekaru, ko uffan bai ce ba.

Na gode miki, Mma. Na gode da tatsuniyoyin, na gode da taurin kan da ya sa kika kafa mini wannan sharaɗi. Da kin ce a yi duk yadda aka ga dama, da na sa hoton yadda yake, da har yau ina nan da nauyina. Na gode da kika iya zaɓen ƙawa. Da Afi ta rasu, Fo Kosi ma haka, ina tuna alherinsu duk lokacin da na tuna ki. Ƙyallen yana nan a akwatina, naɗe cikin farin yadi. Ƙamshin man gyaɗar ya tafi, amma nakan buɗe duk da haka.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya haskaka makwancinki, ya sanyaya miki ƙasa. Allah ya haɗa ki da iyayenki a Aljanna Firdausi. Yadda ya nufe ni da rufa miki zane bayan na fid da rai, ya lulluɓe ki da rahamarsa daga kai har ƙafa. In tawa ta zo, Allah ya sa 'ya'yana na kusa, hanya kuma a buɗe.

Na cika miki alkawari, Mma. Sai ki yafe.

Taki har kullum,
Zuwaira.